Ranar da Birkina Ya Yi Barci

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne mai gyaran keke a Haɗeja, zamanin Turawa, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Hannuna na da kyau, kuma na sani, matsalar ke nan. Duk keken da ya gagari mutane ni ake kawo wa, har na fara ganin ba wani ƙarfe a duniya da zai fi ƙarfina. Mahaifina ya rasu tun ina yaro, Inna ce ta raine ni da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da na ji wani mai awon gyaɗa a Malam Madori zai sayar da tsohuwar kitika, irin ƙaramar motar nan ta ɗaukar kaya, sai na tattara abin da na tara, Inna ta cika mini, na jawo ta gida. Na ce ni da bakanike sai dai gaisuwa, ai mota keke ce mai ƙafa huɗu.

Da farko abin ya yi daɗi. Ina kai 'yan kasuwa bakin kogi, su hau kwalekwale su tsallaka zuwa Kafin Hausa, ni kuma in dawo da masu kifi. Da bazara sai na lura man birki yana yoyo. Na ɗaure wurin da robar tayar keke, amma man ya riga ya ƙare, kuma ba a samunsa sai an aika Kano, da tsada. Na shafa ragowar a yatsa, na ga ai santsi ne kawai. Na shiga ɗakin Inna na ɗebo man gyaɗarta na ɗura, na taka birki, ya kama ƙam. Inna na zaune tana kallona, ta yi dariya ta ce in dai manta ne, to in sani da sanyi barci yake yi, ko ni zan riƙa tashinsa kullum da safe? Na ce mata wannan zancen mata ne, cikin ƙarfe ba a barci. Birkin hannu kuwa tuni wayarsa ta tsinke, na ce sai na samu sarari.

Damina ta zo hanya ta rufe, na ajiye motar, na manta da maganar. Da ruwa ya ja, sanyi ya kama, muka koma aiki. Wata safiya mai tsananin sanyi na ɗauki mutane cike da bayan mota, Inna a gaba kusa da ni, za ta tsallaka sunan jikarta, ta rungume kwalbar mai da za ta kai gudummawa. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ban taɓa birki ba sai da muka hau kan gangaren da ke sauka mashigi. Na taka, na ji kamar na taka dutse. Na sake takawa da dukan ƙarfina, ko motsi bai yi ba. A daidai lokacin idona ya faɗa kan kwalbar da ke cinyar Inna, na ga man ya yi fari ya daskare. Wallahi a nan na gane komai.

Motar ta fara gudu da kanta. A ƙasa kuwa mashigin cike yake da masu jiran fito, mata da goyo, da tsofaffi sun kewaye wuta suna jin ɗumi. Na nemi mayar da giya ƙasa, ta yi ƙara ta ƙi shiga. Na danna ham, na leƙa ina ihu a kauce, har wani yana ɗaga mini hannu yana zaton gaisuwa nake. Na baya suka fara salati suna dukan rufin motar. Ƙafata na kan birki, ina ganin fuskokin mutanen nan suna ƙara girma. Inna ba ta yi kuka ba, ta dai dafa gwiwata tana kiran sunan Allah a hankali. Ban taɓa jin tsoro irin na ran nan ba, kuma ba na fatan maƙiyina ya ji shi.

Na murɗa sitiyari hagu, wajen da masunta suka shanya komayensu. Muka keta komayen, taya ta faɗa rami, motar ta kife cikin ruwa ta ɓangaren Inna. Na baya suka zube cikin taɓo, Allah ya tsare ba wanda ya mutu. Ni na fito ta taga, na duba ban ga Inna ba. Na nutsa cikin ruwan nan mai sanyi kamar yankan wuƙa ina lalube, na kamo mayafinta, na ja ta ƙi tahowa, ashe ƙofa ta danne mata hannu. Na tallafo kanta sama, ruwa na taɓa mata haɓa, ina roƙon masunta su ɗaga motar. Har yau ban san tsawon lokacin da suka ɗauka ba.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hannun daman ya shanye. Hannun da take murza tunkuza da shi ta fitar da man da ya ciyar da ni, bai sake riƙe ko ludayi ba. Mutane suka ce tsufan mota ne, ta bar su a haka. Sai wata rana ina ba ta fura a baki, ta tambaye ni a hankali ko man ne ya yi barci. Na ce shi ne. Sai ta ce in yafe mata, da ta soya shi sosai wataƙila da bai yi ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Garin neman gira na rasa ido. Ina roƙon masu sayen tsohuwar mota, ku gyara abin da kuka iya, amma abin da ran mutane ya rataya a kansa ku kai wa masu shi, ko nawa ne. In kuma tsohuwa ta faɗa muku magana tana dariya, ku tsaya ku saurara. Inna ta daɗe da rasuwa, ni ma na tsufa. Amma duk sanyi, in na ga mai ya yi barci a kwalba, ni ke ɗaukarsa da kaina in kai rana, jikokina suna ta yi mini dariya.