Harbin Cinya

Mahaifina maharbi ne, amma bai taɓa kashe dabba da bindiga ba. Gada ce ko zomo, a cinya yake harbi, ya ruga ya yanka da wuƙa tun da sauran rai. Malamai sun sha gaya masa idan ya yi bisimilla kafin harbi nama ya halatta, sai ya ce shi dai ba zai ciyar da iyalinsa mushe ba. Taurin kai gare shi kamar mutanen farko. Abokansa a Kademi har tsokanarsa suke yi, wai mahauci ne ya yi ɓatan kai ya sayi bindiga.

Wata kaka muna roron gyaɗa a gonarmu, ni da Inna, mahaifiyata. Baba yana can gefe, bindigarsa jingine da ɗorawa. Harba-ruga ce, idan ta tashi sai an sake ɗuri. Sai muka ji ihu daga gonar maƙwabta, wai mahaukacin kare. Kafin mu waiga ya ɓullo ta cikin dawa yana dalalar da miyau, ya nufo Inna. Ita kuwa ciwon gwiwa ya daɗe da hana ta gudu.

Baba ya ɗauki bindiga. Ina kallonsa, hannunsa ko rawa bai yi ba. Ya harba, ya kuma samu, amma a cinya. Karen ya faɗi, ya miƙe da ƙafa uku ya ci gaba. Na jefe shi da fartanya ban same shi ba. Kafin Baba ya iso da wuƙarsa, ya riga ya ciji Inna a kumatu.

Aka kai ta Gaya, aka yi na asibiti, aka yi na gida. Tana kwance ma ba ta bar tsokana ba.

"Malam," in ji ta, "ashe naman kare ka so ka ciyar da mu?"

Baba bai yi dariya ba. Daga baya ta fara tsoron ruwa. Ina riƙe da moɗa, tana kuka da ƙishi tana ture hannuna, na rasa yadda zan yi da raina. Ta rasu kafin a yanki dawa.

Na ji haushin Baba, har yau ina ji, kuma ban san inda zan kai haushin ba. Bayan an share makoki na same shi a zaure yana kallon tafin hannunsa.

"Wallahi ƙirji na auna, 'yar nan," ya ce. "Hannun ne ya sauka da kansa."