Gwangwani Biyu na Malam Mudi

Malam Mudi malamin lissafi ne a wata firamare a Gashua, maƙwabcina kuma. Ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irinsa ba, Allah ya sani. A wasan dara kuwa, duk unguwar ba mai zama gabansa.

A 1994 ya je Nguru, aka haɗa shi da Kalli, wani mai sayar da busasshen kifi. Suka tona gurabe a ƙasa suka yi wasa uku, Kalli ya ci biyu. Jama'a suka ce magana ta ƙare.

"Wasa uku ai sa'a ce," in ji Malam Mudi. "Ko kwabo ka wulla sau uku, gefe guda zai rinjaya. Kalli, sai mun yi ɗari."

"Malam, kifina fa?" Kalli ya ce yana dariya, amma ya yarda.

Malam Mudi ya samo gwangwanin madara biyu. Duk wanda ya ci wasa, sai ya jefa masa ƙwallon dabino a nasa. Da suka cika ɗari, Kalli na da hamsin da biyu. Malam ya ce ratar huɗu ba hujja ba ce, sai dubu. Muka yi ta masa tsiya, ko a jikinsa. Shi dai so yake ya san wa ya fi wani, sani na gaskiya.

Shekara goma sha biyu yana hawa motar Nguru duk hutun mako. A shekaru biyun ƙarshe idon Kalli ya fara hazo, yana ajiye ɗan dara a gurbin da bai nufa ba, bai kuwa gaya wa kowa ba. Gwangwanin Malam ya yi ta nauyi, yana dawowa da fara'a.

Ranar ta'aziyyar Kalli ne matarsa Mairam ta ce, "Malam, ai ya daɗe ba ya ganin gurbin. Cewa yake kada a faɗa maka, kar ka daina zuwa."

Na same shi washegari ya zazzage gwangwaninsa a tabarma, yana son ware na waɗannan shekaru biyu. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan.

"Duk iri ɗaya ne," ya ce. "Ban sa musu alama ba."