Kaskon Turaren Inna

Inna ba ta taɓa lissafa turaren wuta cikin hayaƙi ba. A wurinta hayaƙi shi ne na icce, wanda ta yi shekara da shekaru tana shaƙa a bakin murhu tana tuyar waina a ƙofar gidanmu na Gyadi-Gyadi. Shi ya sa da likita ya ce huhunta ya gaji, ciwon kuma ba ya warkewa sai dai a lallaɓa shi, ta kuma nisanci hayaƙi, ba ta yi musu ba. Ta kyautar da tandarta, muka sayo mata murhun gas, ta ce ita da hayaƙi sun raba gari.

Sai dai sarƙewar numfashin ba ta daina ba. Duk yammar da na taso daga gidana a Tarauni, sai in tarar da ita zaune ta dafe gwiwa, ƙirjinta na ƙugi. Ni kuwa ga saurin fushi, tsoro ne ke cina amma faɗa ke fitowa. In ce ba ta amfani da magani, ita kuma in ta samu sarari ta ce tun ina ƙarama bakina ya fi ni girma.

Maƙwabciyarmu ce ta zauna da ita, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kudancin Kaduna da ta yi ritaya, wadda Inna ke kira ƙawata. Ita ta gano Inna na fesa maganin shaƙa a baki ta furzar nan take. Ta koya mata ta girgiza shi, ta fitar da numfashi tukuna, ta danna tana ja a hankali, ta ɗan riƙe. Ta kuma koya mata in ƙirji ya matse ta ja iska ta hanci, ta tsuke baki ta fitar kamar mai hura koko. Inna ta yi ta dariya, wai da tsufanta ake koya mata numfashi, amma ta koya.

Wata rana gab da magariba ƙawar ta shigo ina nan, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kaskon da ke turnuƙe ɗakin. Ni a cikin ƙamshin nan na tashi, hancina ya daɗe da daina jin sa.

"Hajiya, wannan fa?"

"Turare ne, ƙawata."

"Huhunki ba ruwansa da ƙamshi, Hajiya. Shi ma hayaƙi ne."

Tun tana amarya Inna ke kunna kaskon nan kafin Baba ya dawo daga kasuwa, bayan rasuwarsa ma ba ta fasa ba ko da yamma ɗaya. Na buɗe baki zan fara nawa, ƙawar ta harare ni, na rufe.

Can Inna ta ce, "In na daina, gidan zai zama kamar ba mai dawowa."

Ban taɓa jin tausayinta kamar ranar ba. Da hannunta ta miƙa mini kaskon da kwalbar turaren, kuma bayan ɗan lokaci ƙugin ya ragu, har tana iya taka ƙafa zuwa gidan ƙawarta ba tare da ta tsaya hutawa ba.

Yanzu duk Juma'a ni ke kunna kaskon, can ƙarshen tsakar gida kusa da zaure, ita tana ɗaki ta rufe gilashin taga tana kallo. Ƙamshin ba ya isa gare ta. Ranar farko na barbaɗa turaren a kan garwashi, hayaƙi ya tashi, sai na ji tana ƙwanƙwasa gilashi. Na ruga na ɗauka numfashin ne.

Ta ce, "Kin zuba da yawa. Babanku ba ya son da yawa."