Ranar da Jirgin Matata Ya Juya

Ni mai gyaran rediyo ne a Kafanchan, ko da yake yanzu wayoyi da fitilun caji sun fi rediyo zuwa shagona. Babana ya yi aikin reluwe a ɓangaren sigina, kuma a gidansa na kamu da son duk wani akwati mai magana. Shi ya sa ranar da na ga wata 'yar na'ura cikin kayan gwanjo a kasuwa, mai kama da oba-oba amma babu wurin dannawa a yi magana, ban bari ta kwana a hannun mai ita ba. Sikana ake ce mata. Ba ta aika komai, sai dai ta yi ta bin mita bayan mita tana lalube, inda ta ji ana magana ta tsaya.

Burina a lokacin shi ne in ji masu tsaron filin jirgin sama. Wani abokin sana'a da ke zaune kusa da filin Jos ya cika mini kunne da labarin yadda yake jin su a tasa: a je a duba jakar da aka bari, a buɗe ƙofa ga babban mutum nan, wane ka koma bakin shinge. Na ɗaura eriya a kan doguwar gora, na ɗaure gorar a jikin ƙarfen tankin ruwanmu, na yi ta juyawa kamar mahaukaci. Ko tarin mutum ɗaya ban ji ba. Oba-obansu ba ta da ƙarfi, ga nisa, ga duwatsun Kagoro sun tsaya a tsakani. Haka ma mutanen hasumiya, masu ba jirage umarni daga ƙasa, muryarsu ba ta ƙetaro dutse. Matuƙa kaɗai nake ji, su ma sai jirgi ya yi sama sosai babu abin da ya tare shi. Wato rabin zance ke iso ni. In ji amsa ban ji tambaya ba, in ji roƙo ban ji ko an amince ba, sauran kuwa ni ke cikewa da kaina.

Duk da haka abin ya shiga raina. Shekaru na yi ina saurare har na fara gane muryoyi, na san wanda ke cinye kalmomi da wanda ke gaisuwa kamar ya shigo gidan surukai. Girman kai kuma ya biyo baya. In jirgi ya gitta saman unguwa, ko ba a tambaye ni ba sai in faɗi inda ya fito da inda za shi. Matata takan ce in da abin yana kawo cefane da tuni mun yi bene.

Sai 'yarmu ta fari ta haihu a Legas, dole uwarta ta je wankan jego. Mijin yarinyar ya ce ba zai yarda ta bi hanya ba, da irin labaran tare motoci da ake ji, ya sayi tikitin jirgi daga Jos. Matata ta ce sam.

"Ni abin da ba zai iya fakin a gefen hanya ba in ya samu matsala, ba na shiga. A bar ni in bi mota, Ubangiji yana nan."

Fasto ya yi mata magana, matan zumunta sun yi, ba ta motsa ba. Ni ne na shawo kanta. Na zaunar da ita gaban sikana, na fassara mata abin da matuƙa ke cewa, na nuna mata yadda suke magana a natse kamar masu cinikin citta.

"Maman yara, kullum ina jin su. Safe da yamma suna wucewa, ban taɓa jin ko ɗaya ya yi kuka ba. Ki hau, ni zan raka ki da kunne."

Ta dube ni ta ce, "To, tunda kai ka ce."

Da damina ne. Ƙanenta ya zo da sassafe ya ɗauke ta a motarsa, da buhun acca da daddawa da yajin jego, bayan mun yi rigima a kan doyar da na ce jirgi ba zai ɗauka ba. Aka bar ni a gida da mahaifiyarta, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Mama ba ta jin Turanci, Hausarta ma ta kasuwa da coci ce, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa ta tsani sikana ba. Amma ranar, da na ƙi zuwa shago na fito da na'urar baranda, sai ga ta da 'yar kujerarta ta zauna dab da ni.

"Ɗana, yarinya na ya tashi?"

"Tukuna, Mama."

Bayan azahar matata ta kira ta ce ga su a ciki, an ce a kashe waya. Na dubi gabas, na ga hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu, baƙi ƙirin daga ƙasa.

Can sai sikana ta tsaya. Muryar matuƙin ta fito tar, ya faɗi lambar jirginsa, ita ce kuwa lambar da ke jikin tikitin. Ya ce suna hawa, ya faɗi yawan mutanen da ke ciki da man da ya ɗauka, kamar yadda suke yi kullum. Na ce wa Mama ga 'yarta nan a sama. Ta ɗaga kai ta dubi kwanon baranda, ta yi dariya ta rufe baki. Wallahi na ji daɗi a lokacin, na ji kamar ni ke tuƙin.

Ya nemi izinin kauce wa hadari ta hagu. Wannan ba komai ba ne, duk damina ina jin irinsa. Bayan ɗan lokaci ya sake magana, ya ce yana so ya dakata da hawa. Aka yi shiru, wato mutanen hasumiya na magana. Ya ce a ɗan ba shi lokaci. Da ya dawo, sai ya ce suna da matsala a injin guda, yana so ya koma inda ya taso.

Na matso da kunne har yana taɓa sifika.

Shiru. Ya ce, "A'a." Shiru kuma. Ya ce, "Eh." Me aka tambaye shi da ya ce a'a? Wuta ce ta kama? Ko tambayarsa aka yi zai iya kaiwa? Sannan ya ce, "Eh, su tsaya kusa." Wannan kam ban bukaci ɗaya rabin ba. Na san motocin kashe gobara ne ake sa su tsaya kusa.

"Me ya ce?" in ji Mama.

"Gaisuwa yake da mutanen ƙasa."

"Gaisuwa ne dogo haka?"

Matuƙin ya sake magana, amma muryar ta fara tsinkewa, kalma ta fito, biyu su nutse cikin ƙara. Na ji ya ce suna sauka, na ji wani abu game da ruwa a kan filin, daga nan sai shuuu. Sikana ta saki mitar ta ci gaba da yawonta.

Na san ma'anar wannan shirun. Duk jirgin da ya yi ƙasa ta wajen Jos sai duwatsu su rufe shi, muryarsa ta ɓace mini. Sau nawa na bayyana wa mutane haka ina taƙama. Amma ranar na gane cewa jirgin da ya sauka lafiya da wanda ya faɗi, shirunsu iri ɗaya ne a barandata. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na kira wayarta, a kashe. Na kira ƙanenta. Shi kam har ya kama hanyar dawowa, ya tsaya sayen dankali.

"Yaya, relax mana. Na ga tashinsa da ido na, lafiya lau."

"Ka juya! Ka koma filin yanzu!"

"Me ya faru?"

"Na ce ka juya, kana tambaya ta?"

Layin ya yanke kafin in gama zaginsa.

Abin da na yi bayan nan, ko yanzu ban san da wane hankali na yi shi ba. Na rataya sikana a wuya, na hau tsanin tanki, na kwance gorar, na ɗaga ta sama da hannu biyu, wai ko eriya za ta leƙa bayan dutse. Ni da na yi shekaru ina gargaɗin mutane su cire eriya in hadari ya taso. Iska tana karkatar da gorar, walƙiya tana yi ta wajen Kagoro, Mama tana tsaye a tsakar gida da sandarta tana ihu.

"Sauka! Kana so ka mutu ne? Sauka, na ce!"

Sikana ta tsaya sau ɗaya, na kasa kunne. Ashe wani jirgi ne can ƙololuwa mai zuwa arewa, matuƙinsa yana yi wa wani fatan yini lafiya. Na ji kamar in shaƙe shi. Ruwa ya sauko gaba ɗaya, aka yi wata tsawa da ta girgiza tankin, na saki gorar ta faɗa cikin masarar maƙwabci. Na sauko a jiƙe.

Mama ba ta sake tambayata ba. Ta ja hannun rigata ta zaunar da ni, ta riƙe shi gam, ta fara addu'a da yarensu. Ba na jin yaren sosai, amma ina jin sunan matata yana ta dawowa, da sunan Yesu. Ni na kasa addu'a. Abin da ke yawo a kaina shi ne yadda zan kira 'yata mai ɗanyen jego in gaya mata, da yadda zan dubi wannan tsohuwa in ce ni ne na sa. Matar nan mota ta ce za ta hau. Da na yi shiru da bakina, da yanzu tana wani wuri bayan Lokoja tana cin ayaba tana faɗa da kwandasta.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Ruwa yana dukan kwano har ban ji ƙarar wayar ba, Mama ce ta ga haskenta ta zungure ni.

"Baban yara?" Muryarta ce, kuma a fusace take. "Ka ga mutanen nan? Mun tashi, har na fara sabawa, sai suka ce wai ƙaramin matsala, suka dawo da mu. Ko ruwa ba su ba mu ba. Ga motocin fire service suna ta bin mu kamar mun yi sata."

Na miƙa wa Mama wayar ta ji muryar 'yarta, ta ce "Yesu na gode" ta fi a ƙirga, ta mayar mini.

"Kana ji na?" in ji matata. "Sun ce wani jirgi zai zo daga Abuja ya kwashe mu kafin yamma. Wasu sun ce su kam sun fasa, suna karɓan kayansu. Wata mata a nan tana ta kuka. Ni ban san komai ba. Kai da kake jin su, me suka ce? In hau ko in bi mota gobe?"

Na dubi sikana a kan benci, ruwa yana ɗiga daga jikinta. Na tuna hanyar Legas da dazuzzukanta, na tuna jaririn da ba a yi wa wankan kaka ba. Na so in ce mata ban san komai ba, rabi kawai nake ji, rabin ma ya ɓace. Amma ta tsaya a cikin baƙin mutane, ita kaɗai, tana jiran amsa daga wurina.

"Ki hau," na ce.

"Ka tabbata?"

"Ki hau."

"To."

Ta kashe. Mama tana kallona, ashe ta ji.

"Zai hau kuma?"

"Eh, Mama."

"Kai ne ka ce?"

"Ni na ce."

Ta nuna masarar maƙwabci da sandarta.

"To je ka ɗauko sandan naka ka ɗaura. Amma wannan karo, duk abin da direba ya ce, ka gaya mini gaskiya."