Tekun da ba shuɗi ba

Sun hana wani dattijo rataye zanensa a baje kolin masu zane na Bagamoyo, garinmu na bakin teku, wai tekunsa ba shuɗi ba ne.

Ga shi tsaye a bakin ƙofa, rungume da zanen, tafin hannunsa duk kanta. Ban san shi ba, amma igiyar jirgin masunta ce ke mayar da hannu haka. Na leƙa zanen. Ruwan gaɓa launin shayi da madara, gaba kaɗan kore, can ciki duhu kamar nunanniyar ɗinya. A nan aka haife ni, amma yau na fara ganin tekunmu a zane.

"Baba, teku shuɗi ne, kowa ya sani," in ji jami'in da ya tare ƙofar.

Dattijon ya ɗora yatsa kan ruwa mai launin shayin. "Nan jatan lande suke, ɗana. Wannan duhun kuwa, in ka gan shi, ka juya gida. Shuɗin naka daga barandar otal ake ganinsa."

Ku 'yan kwamitin baje kolin, ku rataye zanen nan a bangon gaba yau, kafin mutumin nan ya koma da shi gida.