Ƙarfen Fedar Keken Marayu

Wan mijina dogo ne, irin waɗanda sai sun sunkuya kafin su shiga zaure. Da ya sayi kekensa a Kebbe, sai ya sa aka ƙara wa ƙarfen feda tsawo don ƙafarsa ta samu wurin miƙewa. Shekarar da Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'yansa ƙanana suka dawo hannunmu a ƙauyenmu kusa da Jabo, su da keken. Ba su da wani gado sai shi.

Mijina kuwa Allah ya ba shi haƙuri, bai ba shi tsawo ba. Da rani ya fara ɗaukar kayan mutane a keken nan zuwa kasuwar Tambuwal, abin da ya samu mu ci, mu da marayu. Ranar farko na leƙa na ga ya hau. In feda ta yi sama, gwiwarsa sai ta kusa taɓa ƙirjinsa. In ta yi ƙasa, sai ya zame daga sirdi yana lalubenta da yatsu. Yara na ta dariya. Ni ban yi ba, don ƙafafun nan biyu su ne gonarmu, ba mu da wani namiji a gidan.

Kafin sanyi ya wuce, gwiwar dama ta kumbura. Kullum da yamma ina gasa masa da ruwan zafi, in shafa man shanu. Ina jin wani abu na ƙas-ƙas a ƙarƙashin tafina, kamar tsakuwa cikin gero.

Shi da bakinsa ya gaya mini abin da mai gyaran keke ya ce. An sauke sirdi har ƙarshe, ba daga nan ba ne. Ƙarfen fedar ne ya yi wa ƙafarsa tsawo, sai a cire a sa gajere.

Na ce, "To a canza mana, Malam!"

Ya ce, "Na wa za a canza? Keken ga dukiyar marayu ce. Abin da ya lalace, in gyara. Wanga bai lalace ba."

"Ai ajiye tsohon za ka yi, in sun girma ka mayar."

"Haka nan ake farawa. Yau ƙarfe, gobe mi?"

Wallahi na yi faɗa har maƙwabta suka ji. Na ce marayu tuwo suke ci, ba ƙarfe ba. Na aika aka tambayi liman, ya ce babu laifi ko kaɗan. Mijina ya saurara da ladabi, sannan ya ce ran gobe ƙiyama ba liman za a tambaya ba. Kai, taurin kan mai tsoron Allah ya fi kowane wuyar sha'ani.

Bazara ta shigo. Ya fara salla ƙafa a miƙe. Wata rana ya dawo daga kasuwa yana tura keken, ya ce wai iska ce ta yi yawa. Ko ganye ba ya motsi ranar. Na daina faɗa, tsoro ya maye gurbinsa. Duk yamma hadari na haɗuwa a gabas, ni kuma, Allah ya yafe mini, ina roƙon ya watse, don ruwa na sauka sai gona.

Ruwan shuka dai ya sauka. Da safe gari ya fashe, kowa da sungumi a kafaɗa. Mijina ya ɗauki nasa, ya dogara da shi har bakin zaure. A nan gwiwar ta ƙi. Na ga ya dafa bango, ya sulale a hankali ya zauna cikin laka.

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa taka gona ba, kuma da wannan yake alfahari a cikin maza. Bai ɗago kai ba ya ce, "Kin taɓa yin shuka a gidanku?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Ɗauko ƙwaryar iri. In gwada miki nan tsakar gida, kafin ƙasa ta bushe."