Sunan da Baba Ya Raɗa wa Gangar da Ta Goce

Bana shekara tara ke nan da muka rasa Baba, Malam Haruna mai lissafi, Allah Ya haskaka kabarinsa. Ni ce ɗiyarsa da ta gaji alli, kuma a nan Jibiya nake koyarwa kamar yadda ya yi. Da hawaye na saba tuna shi. Bana kam da haushi nake tuna shi, ba kuma haushinsa ba.

Akwai siffofi a lissafi masu ciki da tsawo, irin ganga da dala da jinka. Wasu a miƙe suke. Wasu gindinsu na zaune daram a ƙasa, amma kansu ya kauce daga saitin gindin. Ajin Baba kuwa haɗin gambiza ne: 'ya'yan manoman Riko da Magama, da 'ya'yan fataken da suka fara lakwal, wato boko, a Maraɗi. In an zo kan siffar nan mai kautaccen kai, wannan ya zo da sunan Turanci, wancan da na Faransanci, kowa yana haddar abin da bai gani ba. Da aka nemi Hausarsa sai aka ce "karkatacce".

Baba ya ƙi kalmar nan ƙememe. Ɗan manomi, in ji shi, in ya ji karkatacce to rumbu yake gani wanda damina ta ci gindinsa, ana kwashe gero kafin ya faɗi. Ka tambaye shi wacce ta fi ɗaukar hatsi, miƙaƙƙiyar ganga ko karkatacciya, ba ya ko tsayawa auna komai, zai ce miƙaƙƙiya. Alhali in gindi ɗaya ne, tsawo daga ƙasa zuwa sama ɗaya ne, cikinsu ɗaya ne.

Sai ya riƙa kwashe fayafayan Inna yana kai su aji, tana mita, yana yi kamar bai ji ba. Ya jera su bisa juna, ya tura na sama da tafin hannu har jerin ya kwanta gefe. "Mi ya ragu?" Yara su ce ba komai. "To ba ta lalace ba, gocewa ta yi." Daga nan ya raɗa suna: gocacciyar ganga, gocaccen jinka, gocacciyar dala. Ban taɓa ganin yaron da ya riƙe sunan nan ya sake faɗawa ramin wancan kuskuren ba.

Kwanan baya malaman lissafi na yankinmu muka zauna don daidaita kalmomin da za mu riƙa koyarwa da su. Na kawo ta Baba, na yi bayani har muryata ta dushe. Wani abokin aiki, mutumin kirki ne wallahi, ya ce, "Malama, karkatacce kowa ya san ta, mi za mu wahal da yara?" Aka ɗaga hannu, suka rinjaye ni. Na koma gida raina a jagule.

Da Baba na nan mi zai ce? Na san ba zai zagi kowa ba. Zai yi murna ma da ganin an kai ga zama don Hausar lissafi, abin da a zamaninsa dariya ake yi masa a kai. Amma da zai tambaye su ko sun gwada kalmar a kan ɗan manomin ƙauyen Mazanya kafin su ɗaga hannu.

Baba bai bar gida mai bene ba, bai rubuta littafi ba. Kalma ɗaya ya bari, kuma kalma ba ta da wurin zama sai bakin mutane. Ɗalibansa sun watse, wasu na tuƙin mota, wasu sun bi shi gidan gaskiya. In na yi shiru, shi ke nan ta mutu, kuma a hannuna.

Don haka na gaya wa shugaban makarantarmu ƙiri-ƙiri: zan koya wa yara kalmar da aka zaɓa, don kada jarrabawa ta ci su. Amma duk yaron da ya ratsa ajina, sai ya fita da ta Baba a bakinsa. Ya dube ni ya ce, "Malama, taurin kan nan fa?" Na ce ranka ya daɗe, gado ne.